Saƙon da ke ratsa duwatsu

A yayin da kake karanta wannan shafi, mai karatu, biliyoyin wasu ƙwayoyi da masana ke kira nutirino suna ratsa jikinka ba tare da ka ji ba. Akasarinsu daga rana suke. Amma akwai 'yan ƙalilan masu tsananin ƙarfi da ke zuwa daga can nesa, kuma su ake farauta a yau.

Dalili shi ne, ƙura tana tare haske, maganaɗisu kuma yana karkatar da ƙwayoyi masu cajin lantarki. Nutirino kuwa ba ya kauce wa hanya, don haka duk inda ya fito, can yake nunawa. Sai dai wanda dutse bai tare ba, kama shi sai an shirya.

Saboda haka masu binciken IceCube suka binne na'urori 5,160 a cikin ƙanƙarar Antatika, wasu a zurfin mita 2,450, aka kammala a 2010. Idan nutirino ya yi karo da ƙwayar zarra, sai wani shuɗin haske ya gifta, na'urorin su gani. Ranar 22 ga Satumba, 2017, an bi sawun wani har zuwa wani gungun taurari mai ƙaton baƙin rami a tsakiyarsa. A 2022 aka ƙara gano gungun NGC 1068, wanda haskensa ke shekara miliyan 47 kafin ya iso mu. A Fabrairun 2023 kuma, na'urar KM3NeT da ke ƙarƙashin Bahar Rum ta kama wanda ya fi duk na baya ƙarfi.

Abin da ya dame ni shi ne matsayinmu. Jami'o'in Maroko da Afirka ta Kudu suna cikin aikin KM3NeT. Mu fa? Kada mu manta, garin Shagari ya haifi shugaban ƙasa wanda ya fara aiki a matsayin malamin kimiyya a Midil ta Sakkwato. Ke nan ba baƙon abu ake kiranmu gare shi ba.

Ban ce mu tona ƙanƙara ba. IceCube kan saki bayanansa ga kowa. Abin da ɗalibi ke buƙata shi ne lissafi, kwamfuta, wuta da malami. Ina kira ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta nemi shiga irin wannan haɗin gwiwa, gwamnatin jiha kuma ta wadata sakandaren Shagari da Bodinga da ƙwararrun malaman lissafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.