Waiwaye: Garuruwa Uku, Yini Ɗaya

Gulabe biyu ne ke nufo birnin Sakkwato daga gabas. Gulbin Sakkwato yana biyowa ta ƙasar Zamfara ya ratsa gefen Rabah, Gulbin Rima kuwa ya gangaro daga ƙasar Gobir, ya bi ta Goronyo, ya wuce ta gindin tudun Wurno, kafin su haɗe kusa da birni. Garuruwan nan uku kowanne da abin da ke jawo masa baƙo. Wurno na da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Rabah ce mahaifar Sardauna, Goronyo kuma na da madatsar ruwan da ba ta da ta biyu a jihar. A taswira sun yi kusa da juna, shi ya sa kusan duk baƙon da ya sauka Sakkwato da yini ɗaya a hannu buƙatarsa guda ce: a haɗa masa su duka.

A shekarun da hanyoyin gabas ke lafiya, nakan raka baƙi wannan yanki: malaman makaranta da ɗalibansu, abokai daga Kano da Zariya, wani lokaci 'yan'uwa daga Maraɗi. Da na waiwaya yanzu, sai in ga baƙin nan iri biyu ne.

Na farko su ne masu jadawali. Tun da sanyin safiya an cika mota, an nufi Rabah, an tsaya ƙofar gidan sarki an ɗauki hoto. Kafin hantsi ya dubi ludayi an juyo, an wuce Achida ba a ko rage gudu ba, an shiga Wurno an yi fatiha a tsaitsaye, direba na ta danna oda. La'asar sakaliya ana kan dam ɗin Goronyo, a leƙa ruwa, a sayi kifi, a kamo hanya kada dare ya yi. Sukan dawo a gajiye suna murna sun ga komai. Bayan mako guda ka tambayi ɗalibi wa ke kwance a Wurno, sai ya ce maka Sardauna, alhali Sardauna a Kaduna aka binne shi.

Na biyu ba su da yawa. Su ne waɗanda tun daga gida suka yarda cewa ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, balle uku. Sukan zaɓi gari guda su ba shi yininsu, sauran kuma su ce sai wani jiƙon. Da irin waɗannan na fi ganin abin da Wurno ke iya ba mutum.

Muhammadu Bello ya karɓi ragamar daula a 1817, bayan rasuwar mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yana da Sakkwato, amma ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka da ke fuskantar Gobir, inda mayaƙi da malami da manomi da mai sana'a ke zaune wuri ɗaya. A 1836 ya karya taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke, a 1837 kuma ya rasu a Wurno, aka yi masa makwanci a can. Wannan duk yana cikin littattafan tarihi. Abin da littafi ba ya ba ka shi ne ka hau tudun da ƙafarka, ka tsaya, ka dubi fadamar Rima shimfiɗe a ƙasa. A nan za ka gane dalilin zaɓen wurin ba tare da kowa ya yi maka bayani ba: duk mai tahowa ana hango shi tun daga nesa, ga ruwa a gindi, ga ƙasar noma da za ta ciyar da masu tsaro. Ta tagar mota ba a ganin wannan.

Wata rana, a inuwar da ke kusa da hubbaren, wani dattijo ya lura da malamin da ya jagoranci ɗalibai yana ta duba agogo. Ya ce masa, "Ɗana, in sauri kaka yi, yi addu'a ka tahi, Allah shi karɓa. In ko sani kaka biɗa, zamna." Malamin ya yi shiru kaɗan, ya cire takalmi ya ce, "Baba, mun zauna." Sai dattijon ya kama jero musu zuri'a daki-daki: Bello ya haifi Abubakar Atiku na Raba, Atiku ya haifi Ibrahim, Ibrahim ya haifi Ahmadu. Atikun nan shi ne ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877, Ahmadun kuwa shi ne Sardauna, wanda ya yi Firimiyan Jihar Arewa. Yaran da ba su taka Rabah ba a ranar, suna zaune a Wurno suka san abin da ya sa Rabah ta zama Rabah, da abin da ya sa Sardauna yake ɗauke da sunan Bello.

Da rana ta yi sanyi aka gangara fadama. Lokacin rani ne, ga albasa, ga tafarnuwa wadda Wurno ta yi suna da ita, ga alkama, ga injinan ban-ruwa na ta ƙugi. Wani manomi da ke gyaran kwari ya shaida musu cewa ruwan da suke gani ba ya zuwa da kansa: sai an buɗe ƙofofi a Goronyo. In an sako da yawa a damina ya cinye gonaki, in an riƙe a rani albasa ta ƙone. Nan ma yaran da ba su ga dam ba suka fahimci aikinsa fiye da waɗanda suka tsaya a kansa suka ɗauki hoto. Abin da na riƙe ke nan daga waɗannan tafiye-tafiye. Zuri'a ta ɗaure Wurno da Rabah, ruwa ya ɗaure ta da Goronyo, saboda haka wanda ya natsu a gari ɗaya yakan tashi da labarin sauran, wanda kuwa ya ruga dukansu yakan koma da hotuna kawai.

Ba wai Wurno kaɗai ce ta cancanci yini ba. Mai son tarihin siyasar Arewa ya nufi Rabah, inda Ahmadu Bello ya yi ƙuruciya a bakin gulbi, ya dawo ya zama hakimi a 1934 bayan ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta Sakkwato, kafin a naɗa shi Sardauna a 1938. Mai son sanin ruwa da noma ya ba Goronyo yininsa. An gama ginin madatsar a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, tana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Mutanen wurin za su ba ka labarin ambaliyar watan Satumban 2010, wadda ta share ƙauyuka har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da kuma ranin 2018, lokacin da ruwan ya ja baya har aka ce bai wuce kashi goma cikin ɗari ba. In za ka je, ka daidaita da Lahadi, ranar da kasuwa ke ci.

Wannan matsala ta zaɓi ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙasar Norwe, inda teku ke kutsawa lungu-lungu tsakanin dogayen duwatsu, jiragen ruwan Hurtigruten suna zirga-zirga tun 1893. A yau sukan tashi daga Bergen zuwa Kirkenes suna tsayawa a tashoshi 34, wasu na 'yan mintoci, wasu na sa'o'i. Akan miƙa wa fasinja jerin wuraren da zai iya sauka ya zaga, kowanne da kuɗinsa, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya makara. Dole mutum ya yarda ya bar wasu wurare su wuce shi. Mu ba ƙahon jirgi ke korarmu ba, faɗuwar rana ce, amma lissafin ɗaya ne.

Shi ma Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya iso a watan Afrilun 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello, makonni ya yi a Wurno. Daga nan ya leƙa Sakkwato ya dawo, ya zauna da malamai, ya shiga kasuwa, sannan ya wuce Gwandu ya nufi Tambutu. A 1854 ya sake sauka a garin kan hanyarsa ta komawa. Har gobe masu bincike na komawa ga abin da ya rubuta a kan Wurno, domin zama ya yi, ba wucewa ba.

To yaya ake zaɓi? Da farko ka tambayi kanka abin da ya fito da kai: ziyara ce, ko tarihi, ko noma, ko kasuwa. Sannan ka dubi lokaci, don fadamar rani daban take da ta damina. In damina ce kuma tafiyar ta haɗa da ƙetare gulbi, kada ka shiga kwale-kwalen da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa. A watan Agustan 2025 wani ya kife da mutanen da ke kan hanyar cin kasuwar Goronyo. Na ƙarshe, wanda ya fi duka, ka nemi ɗan gari tun kafin ka tashi, ka kuma fara da gaida masu gari, don da ɗan gari akan ci gari.

Wannan shawara ta ƙarshe yanzu ta wuce batun jin daɗin ziyara. Tun harin Tabanni a ƙasar Rabah cikin Yulin 2018, da na kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021 wanda ya ci rayuka da dama, gabashin Sakkwato ya zama wurin da ba a shiga sai da tambaya. Ɗan gari ne zai gaya maka hanyar da ke biyuwa yau da wadda ba ta biyuwa, da lokacin da ya kamata ka juyo. Mutanen yankin suna nan suna noma, suna cin kasuwa, suna karɓar baƙi iyakar iyawarsu. Allah ya dawo musu da zaman lafiya. Ranar da hanya ta buɗe maka, ka zaɓi gari ɗaya, ka isa da wuri, ka ajiye agogo a aljihu, ka tambayi dattawa da manoma abin da ka zo nema.