Tsohon jirgi da sabon filafili: a yi awo kafin ciniki

Wanda ya tashi a Gagarawa Tasha, jirgin da ya fara sani shi ne na ƙasa, mai bin layin dogo daga Kano zuwa Nguru. Ruwanmu na rijiya ne da kududdufi. Sai da aiki ya kai ni Legas na ga ƙaramin jirgin ruwa da iska kaɗai ke tafiyar da shi, ta hanyar wani faffaɗan ƙyalle da ake ɗagawa jikin doguwar sanda, wato filafili. Daga baya ni da wani abokin aiki muka haɗa kuɗi muka sayi tsohon jirgi samfurin Lightning, wanda aka fara zanawa a Amurka a 1938, mai tsawon ƙafa 19. Irinsa ba baƙo ba ne a Lagos Yacht Club, kulob ɗin da aka kafa a 1932.

Ranar ciniki na duba babban filafilinsa da idon da ake duba tamfal a kasuwar Maigatari. Ban ga huji ba, ban ga yagewa ba, na ce lafiyarsa ƙalau. Wannan kuskuren ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, filafili yana mutuwa tun kafin ya yage, kuma mai tsohon jirgi ya kamata ya sayi madadinsa bisa awon jirginsa da irin tafiyar da yake yi, farashi ya biyo baya.

Aikin tamfal rufi ne, shi kuwa filafili aikinsa irin na fiffiken tsuntsu ne. Ana yanka shi falle-falle, a ɗan lanƙwasa bakin kowane falle, ta yadda in aka haɗa su zai yi ciki daidai gwargwado, zurfinsa a wajen tsakiya ko gaba kaɗan. Wannan cikin ne ke mayar da iskar da ke zuwa daga gefe ta zama ƙarfin tafiya gaba. Da shekaru ƙyallen yakan saki, cikin ya ƙara zurfi ya koma baya. Daga nan iska ta fi karkata jirgin a kan tura shi, sandar tuƙi ta yi nauyi a hannu, jirgin ya kasa fuskantar inda iska ke fitowa. A yini mai sanyin iska wannan jinkiri ne kawai. Amma duk wanda ya san yadda hadarin farkon damina ke tasowa daga gabas babu sallama ya san abin da karkata ke nufi a tsakiyar ruwa, musamman in da yara a ciki.

Saboda haka gwajin farko a kan ruwa ake yinsa. Ka ɗaga filafilin, ka zauna ƙarƙashin sandar kwance, ka ɗauki hotonsa daga ƙasa zuwa sama, za ka ga inda cikin ya koma. Sannan ka karci zaren ɗinkin da farce. In ya tsinke, rana ta gama da shi. Tun shekarun 1950 yadin poliyesta, wanda aka fi sani da Dacron, ya maye gurbin auduga domin ba ya ruɓewa a ruwa, amma hasken rana yana cin sa a hankali, ranar ƙasarmu kuwa ba ta sassauci.

Na biyu shi ne awo. Dokar samfurin ta ƙayyade girman filafili, amma jirgin da ya wuce ta hannun mutane da dama wataƙila an sauya masa sandar tsaye ko ta kwance. Ka ɗaura tef a igiyar ɗagawa, ka ja shi har ƙololuwa, ka auna gefen gaba, ka auna tsawon sandar kwance, ka duba yadda bakin filafilin ke shiga kwarmin sanda. Babu mai aika wa tela awon maƙwabcinsa ya sa ran riga za ta zauna masa.

Na uku shi ne yadi. Akwai filafilan zamani na 'yan tsere, marasa nauyi, masu tsada, waɗanda ba sa jure yawan naɗewa. Mai fita da iyali ranar hutu Dacron ya ishe shi. Abin da zan ba shi shawara ya ƙara wa kuɗi shi ne layin ramuka da igiyoyin da ake rage girman filafili da su in iska ta tsananta.

Na san abin da za a ce: kayan daga waje yake zuwa, da dala ake biya, ga kuɗin kwastan, har ya kan kusan kamo kuɗin jirgin kansa. Gaskiya ne, kuma ba na raina na hannu. 'Yan tsere sukan sauya filafili tun yana da sauran ƙarfi, wanda ya samu irin wannan ya dace, muddin an ɗaga shi a jirginsa an gani kafin ya biya. Abin da nake ƙi shi ne a saya daga hoton waya don kawai ya yi sauƙi. Araha ba ta ado, a kan ruwa kuwa takan jawo abin da ya fi rashin ado.

Wasu kuma za su ce a bai wa mai ɗinkin tamfal ya kwaikwaya. Hannunsa ba abin rainawa ba ne, sai dai in ya kwafi tsohon filafili, sakin da ya yi zai kwafa. Aikin da ya dace da shi, wanda kuma ya fi kowa iyawa, shi ne faci da ɗinka rigar da za a rufe filafilin in an sauke shi. Wannan rigar mai araha ita ce ke ƙara masa shekaru.

Mun sayi namu bayan mun auna sau biyu. Fitarmu ta farko jirgin ya miƙe tsaye, sandar tuƙi ta yi sauƙi har da yatsu biyu ake riƙe ta. Ashe duk laifin da muka ɗora wa tsufan jirgin na ƙyallen ne.