Sana'ar Cikin Gida: Wa Za Ki Ba Tallan Hajarki?

A wannan watan za mu duba batun masu karɓar kuɗi su tallata wa mutum hajarsa, domin yanzu da wuya mai haɗa turaren wuta ko humra ko yaji a cikin birni ta yi wata guda ba a turo mata saƙon "Hajiya, kawo mu tallata miki" ba.

Aikin dai ba baƙo ba ne a Kano. Tun kafin zuwan rediyo, matar kulle a Yakasai ko Koki ko Mandawari tana da dillaliyarta, wadda za ta ɗauki zane ko tasa ko 'yan kunne ta zaga gida-gida, in an saya ta cire la'adarta, in ba a saya ba ta dawo da kaya. Iyayenmu kuwa ba sa zaɓen dillaliya saboda zaƙin bakinta. Abin da suke dubawa shi ne, gidajen su wa take shiga? Wadda ta saba da gidajen attajirai ita ake ba sarƙar gwal, wadda ta san gidajen da ake shirin aurar da 'ya ita ake ba kwanuka.

To wannan tambayar ita ce ta farko da za ki yi wa mai talla na zamani. Sau da yawa abin da ke ruɗar mu shi ne yawan mabiya. A ce wance 'yar fim ce, tana da mabiya miliyan guda a Instagram ko TikTok, sai mace ta kwashe ribar wata uku ta tura. Amma su wane ne mabiyan? Wasu suna Nijar, wasu Gana, wasu Saudiyya, da yawa kuma samari ne masu kallon kwalliya. Idan alkaki da dubulan kike yi, waɗanda ɗan Adaidaita Sahu zai kai Gwale ko Ƙofar Nasarawa, mutumin Yamai ba zai amfane ki da komai ba. Mai turare da atamfa, wadda ke iya ba da saƙo a tasha zuwa Kaduna ko Abuja, ita lissafinta daban ne. Mai shafi yana iya ganin garuruwan mabiyansa da yawan mata da maza a cikinsu, don haka ki ce ya nuna miki. In ya fara kame-kame ki kama kanki, domin mabiya ma sayensu ake yi.

Kada kuma ki raina rediyo. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a 2003 tashoshi suka yi ta ƙaruwa a Kano, kuma har gobe rediyo ce ke shiga madafa ta sami uwargida tana tuƙa tuwo. Sai dai kuɗin talla ya danganta da lokacin da za a sa shi, saboda haka idan ta hannun wani za ki bi, ya kawo miki rasit na tashar, ya faɗa miki rana da lokaci, ke kuma ki kunna ki saurara da kunnenki.

Maganar kuɗi a yi ta a rubuce, ko da a saƙon waya ne: sau nawa za a saka, a waɗanne ranaku, kuma kwana nawa zai yi a shafin, tunda akwai irin tallan da ke ɓacewa da kansa bayan awa 24. A ganina rabi kafin aiki, rabi bayan an gani, shi ne adalci. Wanda ya ce shi kamfani ne, sa ɗanki ya duba sunan a shafin hukumar CAC. Sannan duk wadda ta kira ki tambaye ta, "A ina kika ji?" ki rubuta a ɗan littafi. Bayan sati biyu littafin zai nuna miki ko kuɗinki ya haihu.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen ƙarin gishiri. Wasu masu talla, don a ce sun iya, sai su ce sabulunki yana mai da baƙa fara a kwana uku, ko tsiminki yana maganin rashin haihuwa. Wannan algus ne, addini ya hana, hukuma ma ta hana: kayan ci da na shafawa da magani suna ƙarƙashin NAFDAC, kuma dokar 2022 da ta kafa ARCON a madadin APCON ta haɗa har da tallan intanet. Ban da haka, cikin birni kowa ya san gidan kowa. Mai talla ya ci kuɗinsa ya wuce, ke za a yi wa sallama a zaure da sabulu a hannu. Ki ce sai kin ji kalmomin kafin a saki.

Lambar da za a sa a talla ta zama layi daban na sana'a, da sanin maigida, kuma hoton kaya ya wadatar, ba sai an ɗauki 'yan matanki suna riƙe da su ba. Kafin ranar kuma ki tanadi kwalabe da leda da wanda za ki aika, musamman in gab da Sallah ne, domin wadda ta kira sau biyu aka ce mata ya ƙare, ta uku gidan maƙwabciyarki za ta kira.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.