Ɓeran Masar Da Hayaƙin Ɗakin Kwananmu

'Yan'uwana ɗalibai, ina so mu yi magana kan abin da mu ke shaƙa da dare, domin a ganina muna cutar kanmu da hannunmu.

Cikin watan Oktoba 1948 hayaƙin masana'antu ya lulluɓe wani ƙaramin gari a Amurka, wai shi Donora, mutum 20 suka mutu. A Disamba 1952 kuma irin wannan ya faru a Landan, inda hayaƙin kwal ya haɗu da hazo kwana biyar, aka ƙidaya mamata wajen 4,000 tun da farko. To, menene cikin hayaƙin ya ke shaƙe mutane? Sai wata masaniya ta Jami'ar Harvard, Mary Amdur, ta nemi ɓerayen Masar, ta riƙa ba su iska mai tururin farar wuta, tana auna numfashinsu. Ta ga hanyoyin iska na huhunsu suna tsukewa. Abin mamaki shi ne, da ta gauraya tururin da ƙananan ƙwayoyin gishiri, waɗanda su kaɗai ba su yi wa dabbar kome ba, tsukewar ta fi ta dā tsanani. Watau ƙura ita ke ɗaukar guba ta kai ta can cikin huhu.

Daga baya wasu masana suka gwada karnuka da ɓeraye, suka gane wani abu kuma. Dabbar da ta shaƙi iska mai zafi a maƙogwaro, ko an mai da ita iska mai kyau, huhunta ya kan zama mai saurin fushi. Ɗan abin da dā ba ya damunta, yanzu sai ya sa ta haki. Haka mai ciwon fuka ya ke.

Wani zai ce, ai mu ba ɓeraye ba ne. Gaskiya ne, ba kowane abin da ya sami ɓera ke samun mutum daidai wa daida ba. Amma kuwa mu duba zamanmu a nan Maiduguri. Da hunturu ƙura ta cika sama, sanyi ya sa mu rufe tagogi ruf, sa'an nan a kunna maganin sauro irin na murɗe a tsakiyar ɗaki, wani ma ya ƙara da turaren wuta, wanda Borno ta yi suna a kansa (ni ma ina son ƙanshinsa). Ga ƙura, ga hayaƙi, ga ɗaki a rufe, har asuba. Wani bincike da aka buga a 2003 ya nuna murɗe ɗaya ya kan fid da ƙurar hayaƙi kamar ta taba sigari 75 zuwa 137.

Sauro abokin gaba ne, ba na musu, zazzaɓi kuwa ba wasa ba ne. Sai dai gidan sauro ya isa, ba ya kuma hayaƙi. Ina roƙon shugabannin ɗakuna su hana kunna murɗen nan a ɗakin da mutane ke barci, wanda kuma zai yi turare ya yi da rana, taga a buɗe.

Gobe mu ne malaman firamare. Yaron da ke tari duk safiya, ya kasa gudu wajen wasa, kada mu yi saurin kiransa rago. Mu tambaye shi me a ke ƙonawa a ɗakin da ya ke kwana, mu matsar da shi daga bakin allo inda garin alli ke tashi, a kuma yayyafa ruwa kafin a share aji.