Tauraron ɗan Adam: kafin mu yi murna, mu dubi inda Indiya ta faro

A watan Nuwamban 2024 gwamnatin Nijar ta rattaba hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan sayen taurarin ɗan Adam guda uku: na sadarwa, na ɗaukar hoton ƙasa, da na rada. Tun ranar muhawara ta kaure a fadoji da dandalin WhatsApp. Wasu na cewa mun shiga sahun manya, wasu na cewa wanda bai ƙoshi da hatsi ba me ya kai shi sama. Ni dai ina ganin duka ɓangarorin biyu sun kauce wa tambayar da ta fi muhimmanci, kuma tarihin Indiya ya isa ya nuna haka.

Yawancinmu da finafinai muka san Indiya. Amma a 1962, lokacin da ƙasar ke dogaro da alkamar Amurka don ciyar da jama'arta, wani masanin kimiyya mai suna Vikram Sarabhai ya shawo kan firaminista Nehru aka kafa kwamitin binciken sararin samaniya. Rokar farko ta tashi ranar 21 ga Nuwamban 1963 daga Thumba, wani ƙauyen masunta a kudancin ƙasar. Rokar ma ta Amurka ce. Wata tsohuwar majami'a ce ta zama ofishi da ɗakin aiki, sassan roka kuwa har a kan keke an ɗauke su. A 1969 aka kafa hukumar ISRO, a 1975 Tarayyar Sobiyet ta harba musu tauraronsu na farko, Aryabhata, wanda su da kansu suka ƙera. Sai a 1980 suka iya harba nasu da tasu rokar, bayan gwajin shekarar da ta gabata ya ƙare a cikin teku. Wanda ya jagoranci wannan aiki, Abdul Kalam, shi ne daga baya ya zama shugaban ƙasa.

Masu cewa talaka ba ruwansa da sama, an faɗa wa Sarabhai irin maganarsu tun wancan zamani. Amsarsa a aikace ta fito. Tsakanin 1975 da 1976 Indiya ta ari tauraron Amurka na shekara guda, ta riƙa watsa shirye-shiryen talabijin kan noma, kiwon lafiya da karatun yara zuwa ƙauyuka kusan 2,400. Ga kuma batun guguwa. A 1999 wata mahaukaciyar guguwa ta hallaka mutane kusan 10,000 a jahar Odisha. A 2013 wata mai ƙarfi ta sake afka wa wannan gaɓar teku, amma an gan ta tun tana nesa, aka kwashe mutane kusan miliyan guda, waɗanda suka rasu ba su wuce gommai ba. Ba tauraro kaɗai ya yi wannan aiki ba: akwai masu karanta hoton, akwai masu kai gargaɗi har ƙauye, akwai matsugunan da aka gina tun kafin ranar. Duk wanda ya ga abin da ruwan damanar 2024 ya yi a Maraɗi, ko ya ga tsohon masallacin Damagaram a kwance, ya san wannan ba zancen nesa ba ne.

Masu murna kuma, ga abin da ya kamata su sani game da Glavkosmos ɗin nan. A farkon shekarun 1990 shi ne ya yi alkawarin bai wa Indiya injin roka mai aiki da man da aka sanyaya ƙwarai, haɗe da ilimin ƙera shi. Amurka ta matsa lamba, Rasha ta janye batun ilimin, ta sayar musu da ƴan injuna kawai. Indiya ta kwashe kusan shekara 20 kafin nata injin ya yi nasara a watan Janairun 2014. Ba ina zargin Rasha da wata mugunta ta daban ba ce, kowace ƙasa haka take da abin hannunta. Abin lura shi ne Indiya tana da injiniyoyin da za su zauna su sake faro aikin. Su ne suka kai kumbo zagayen duniyar Mars a 2014, su ne bayan faɗuwar Chandrayaan-2 a 2019 suka sauke Chandrayaan-3 kusa da ƙuryar kudancin wata ranar 23 ga Agustan 2023.

Wanda ya saya kawai, ga misalinsa a maƙwabta. Najeriya ta sayi NigComSat-1 daga ƙasar Sin, aka harba shi a 2007, ya mutu a 2008 saboda matsalar lantarki, aka zauna jiran madadi har ƙarshen 2011. Senegal kuwa ɗan ƙaramin tauraro ta harba a 2024, amma ƴaƴanta ne suka haɗa shi tare da jami'ar Montpellier ta Faransa. Ni na fi ƙyashin na Senegal.

Abin takaicin shi ne ba daga sifili za mu faro ba. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, tana amfani da hotunan tauraro wajen bin sawun damana, makiyaya da fari na yankin Sahel baki ɗaya. Sau nawa sakamakonta ke isa kunnen manomin Tasawa kafin ya yi shuka?

Don haka ina goyon bayan sayen taurarin, amma ina so hukumomi su fito su faɗa wa ƴan ƙasa nawa ne kuɗin, ƴan Nijar nawa za a horar kuma a wane fanni, sannan wa zai riƙe tashar da ke sarrafa su daga ƙasa. Akwai ƴaƴanmu da suka karanta lissafi da injiniyanci a jami'ar Abdou Moumouni, a Maroko, a Aljeriya, har ma a Indiyar kanta, wasu suna can suna yi wa wasu ƙasashe aiki. An ce ƙera taurarin zai ɗauki shekara huɗu. Lokacin ya isa a kira su gida, a tura wasu su tsaya a masana'antar da ake haɗa su tun daga ƙusar farko.