Kwalliyar Da Ke Kashe Faifai



Yau za mu ɗan ajiye zancen farashi mu taɓa wata magana da ake rainawa, wato yadda ake sa suna a kan faifan CD da DVD na ɗaukar gida. Wani zai ce ai faifai ya zama tsohon yayi, waya da memori sun kore shi. Haka ne, ko a Ƙofar Wambai ta Kano, inda a da ake fitar da faifan fim kwali-kwali, cinikin ya ja baya ƙwarai. To, wannan ma shi ne dalilin maganar. Faifan da ya rage a hannun jama'a yau galibi ba shi da na biyu: bidiyon biki ko na suna, karatun malamin da ya rasu, hotunan haja, lissafin shago na shekara da shekaru. In irin wannan ya mutu, babu rumfar da za a je a sayo wani.

Ra'ayinmu a fili yake. A bar manna takarda a fuskar faifai, a bar rubutu a kansa da biro.

Galibin mutane gindin faifai suke tattali, wato ɓangaren nan mai sheƙi, sai su yi ta goge shi da bakin riga, su bar fuskar sama suna yi mata yadda suka ga dama. Alhali a faifan CD fuskar saman ce mai rauni. Kaurin faifai milimita 1.2 ne, kuma kusan dukkansa roba ce garau daga ƙasa. Abin da aka ɗauka, murya ce ko hoto, yana can sama, a jikin wani siririn rini da ƙarfe mai sheƙi a kansa, an rufe su da ɗan shafe wanda bai kai kaurin gashin kai ba. A kan wannan ɗan shafen kake danna bakin biro. Ƙarzuwar gindi sau da yawa akan goge ta faifai ya sake aiki, amma in fuska ta huje, abin da ke wurin ya tafi ke nan. Mai so ya gani da idonsa, ya ɗaga tsohon faifai ya duba a haske. In ya ga ɗigo-ɗigon haske na ratsowa, to ƙarfen ya riga ya ɓantare a wuraren.

Takardar mannawa kuwa, illarta ta fi ɓoyuwa, domin ranar farko kyau take yi. Faifai juyawa yake a cikin na'ura, kuma a kwamfuta mai sauri yakan kai juyi 10,000 a minti ɗaya. Takardar da ta karkace ko da kaɗan sai ta rinjayi gefe guda, faifai ya riƙa rawa yana gurnani kamar tayar da ba a daidaita ba, hoto ya riƙa tsayawa. Wanda ya yanko 'yar takarda ya liƙa da salatef a gefe ɗaya, nasa ya fi muni. Sannan ga zafinmu. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Gam ya saki, takarda ta tattare ko ta ɗaga baki. Damina ta zo ta sha laima ta kumbura, hunturu ya zo ta bushe ta ja faifan ya ɗan lanƙwashe. Rediyon mota mai haɗiye faifai ta tsaga, da zarar takarda ta ɗaga a ciki sai faifai ya maƙale, sai an kai wa mai gyara ya kwance.

Mun san abin da masu ɗaukar biki da masu rumfa za su ce: mai saye da ido yake saye, faifan da ba hoto a kansa kamar haja ce ba a goge ba, amarya kuma tana son ganin fuskarta. Ba mu musa ba. Amma kwalliya tana da mazauninta, shi ne kwali ko jakar faifai. A nan a buga hoton ango da amarya, da sunan shago, da duk abin da ake so, ba abin da zai taɓa. Wanda kuma ya nace sai hoto a jikin faifan, akwai faifai mai farar fuska da aka yi musamman don firinta ta buga a kansa kai tsaye, ba gam ba takarda. Ya ɗan fi tsada, sai a gaya wa mai kaya gaskiya a ƙara masa a kuɗin aiki. Akwai wata dabara da kamfanin HP ya fito da ita a 2004, LightScribe, wadda na'urar ke zana suna da haskenta, amma an daina yin ta, kada dillali ya ɗauko tsohuwar hajarta yana zaton ya yi tsintuwa.

Ga wanda ba shi da firinta, maka mai taushin baki ta isa. A nemi wadda aka rubuta a jikinta ta faifai ce, ko mai tawadar ruwa. Maka mai ƙarfin wari irin ta rubutun buhu da kwali, a guje ta, domin sinadarinta na iya cin shafen nan a hankali. Wuri mafi aminci shi ne farar da'irar da ke kewaye da ramin tsakiya, don babu abin da aka ɗauka a nan. Wurin ƙarami ne, lamba kawai zai ɗauka, kuma hakan ya wadatar: a sa lamba a faifai, a sa irinta a kwali da littafin shago, sannan a rubuta cikakken bayani a can, abin da ke ciki, da ranar ɗauka, da sunan mai shi. In an yi kuskure a ja layi a hankali, kada a ce za a goge da fetur ko kananzir.

DVD ya ɗan bambanta. Shi faifai biyu ne aka haɗe, kowanne milimita 0.6, abin da aka ɗauka yana tsakiyarsu, saboda haka rubutu bai cika yi masa lahani ba. Sai dai layukansa sun fi na CD matsuwa, ƙaramar karkata ta ishe shi ya ƙi karantuwa, don haka takardar mannawa ta fi cutar da shi. Ga shi kuwa yawancin bidiyon biki a kansa suke.

Wata magana kuma, ta amana ce. Abin da aka rubuta a kai ya zama shi ne a ciki. Mai saye ba ya iya buɗe faifai ya ɗanɗana kamar yadda ake yi wa buhun shinkafa, rubutunka kaɗai ya dogara da shi. In kwafi ne a ce kwafi ne, in rabin karatu ne kada a rubuta cikakke.

Saura wanda ya riga yana da faifai mai takarda a aljihun tebur. Malam, kada ka ɓare ta, ko da ta ɗaga baki, domin a CD takan taso har da ƙarfen. Ka kai shi wurin mai kwamfutar da har yanzu ke da gidan faifai, a juye abin da ke ciki a filashi, a kuma ajiye wani kwafin a wuri dabam. Sababbin kwamfutoci da yawa ba sa zuwa da gidan faifai, saboda haka masu wannan aiki kullum raguwa suke.