Sharhi: Dakashi da Ran Maraƙi

Wanda ya leƙa kasuwar shanu ta Guene, nan cikin gundumar Malanville, zai ga bijimai da karsana ana ta ciniki. Babu mai lissafa maruƙan da zawo ya kashe a ruga tun ba su cika wata guda ba, alhali su ne bijiman da ya kamata a kawo kasuwar nan da shekara 4.

Jariri yakan sami garkuwar jiki daga uwarsa tun yana ciki. Saniya ba haka Allah ya yi ta ba: mabiyiyarta ba ta barin sinadaran garkuwa su ratsa zuwa ga ɗan tayi. Maraƙi yakan faɗo duniya kusan ba shi da kariya, ya faɗo kuma kan kashin shanu da ƙura. Makarinsa duk yana cikin dakashi, nonon farkon nan mai kauri da ruwan ɗorawa.

To amma abin da lokacinsa. Hanjin sabon haihuwa yana barin waɗannan sinadarai su wuce kai tsaye cikin jini, sai dai na ɗan lokaci. Awa 2 na farko sun fi kowane. Daga awa 6 abin ya fara ja da baya. Kafin a cika awa 24 hanya ta toshe. Ko ƙwarya guda ya sha bayan nan, cikinsa zai amfana, jininsa kuwa ya yi asara. Likitocin dabbobi suna so ya sha kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa da wuri, wato maraƙi mai kilo 20 ya sami lita 2.

Makiyayi ya san darajar dakashi, ba sai an koya masa ba. Inda ake samun matsala shi ne saniya ta haihu da tsakar dare, ko a hanyar mashaya bakin kogin Sota, ko karsana mai haihuwar fari ta yi ta harbin ɗanta. Sai a ce a bar shi, zai tashi da kansa. Kafin ya tashi an makara. Wanda ya kasa tsayuwa, a tatso a ba shi da kwano mai tsabta, a hankali, kada ya shaƙe. In uwar ta mutu, a nemi dakashin tsohuwar saniyar da ta haihu a ranar cikin garken, domin jikinta ya riga ya san cututtukan wurin.

Yanzu ana yawan zancen wani gari da ake kira firibayotik. Ba magani ba ne, abinci ne na ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. In sun ƙoshi sai su yawaita, su hana masu kawo zawo wurin zama. Ana samun wani daga ɓawon yis, wani daga saiwar tsiro. A wasu gwaje-gwaje an ga zawo ya ragu, a wasu ba a ga bambanci ba. Abin lura, dakashi kansa yana ɗauke da wani sukari mai irin wannan aiki, fiye da madarar da ke biyo bayansa. A ganina, makiyayin da ya bar awa 6 na farko suka wuce, sannan ya ɗauki sefa ya tafi neman gari a leda, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Kuɗin gwamma su tafi ga uwar. Saniyar da bazara ta ramar ba ta kawo dakashi isasshe. A watanni 2 na ƙarshen cikinta a taimaka mata da harawa, da gishiri, da dusar shinkafa, wadda fadamar Malanville ba ta rasa ta. Bayan haihuwa a shafa wa cibiyar maraƙi aidin. Iyayenmu mata masu yin cukun wagashi kuma, mun san kuɗin cefane daga nan yake fitowa, amma a makonnin farko a riƙa bar wa maraƙi nono biyu cikin huɗun.